Arewa: yadda mulkin mallaka ya sauya wurin zama da salon gini a Dogondutsi da Tibiri

A gundumomin Dogondutsi da Tibiri na jihar Doso, yankin da aka fi sani da Arewa, da wuya mutum ya ci karo da manyan gine-ginen zamanin Turawa irin waɗanda ke unguwar Filato ta Yamai ko a Damagaram. Hakan ya sa wasu ke ɗauka cewa mulkin Faransa ya zo ya wuce ba tare da ya taɓa tsarin garuruwan yankin ba. Tarihi kuwa ya nuna akasin haka. Garin da ya zama cibiyar yankin, da wuraren da kasuwa ta fi ci, da ƙauyukan da suka bunƙasa, da waɗanda aka bari a baya, duka suna da nasaba da shawarwarin da aka yanke tsakanin 1898 da 1960.

Abubuwa huɗu ne Turawa suka yi aiki da su wajen sauya zaman jama'a a Arewa: iyaka, da bariki, da hanya, da takardar fili. Sanin yadda kowanne ya yi tasiri na da amfani a yanzu, lokacin da ambaliya ke rusa gidaje kusan kowace damina, garuruwa kuma ke ci gaba da cinye gonakin gado da ke kewaye da su.

Zaman Arewa kafin zuwan Nasara

Ƙashin bayan Arewa shi ne Dallol Mawri, wani tsohon kwarin kogi da ya taso daga arewa ya gangara kudu har bakin kogin Kwara kusa da Gaya. A cikin kwarin ruwa na kusa, ana samun sa ba tare da dogon haƙa ba, alhali a kan tudu sai an yi rijiya mai zurfi kafin a kai gare shi. Saboda haka tsofaffin garuruwan yankin suka jeru a cikin kwarin da gefensa.

Bisa tarihin baka, Gubawa ne suka fara zama, su ne masu ƙasa, kuma manyan cibiyoyinsu su ne Lugu, mazaunin Sarauniya, da Bagaji, mazaunin Baura. Daga baya Arawa, waɗanda ke danganta asalinsu da wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari, suka kafa sarauta. Matankari ya zama mazaunin Sarkin Arewa, a kudu kuma Tibiri ya yi suna da sarautar Samna, musamman a zamanin Samna Ƙarfe, jarumin ƙarni na 19. Wannan Tibirin daban yake da Tibirin Gobir na jihar Maraɗi.

Kafa gari a wancan lokaci ba ruwa kaɗai yake buƙata ba. Sai an nemi yardar masu ƙasa, an kuma kiyaye itatuwa da duwatsu da tafkunan da aka yi imani mazaunin iskoki ne. Abu na uku shi ne tsaro. Ƙarni na 19 lokaci ne na yaƙe-yaƙe tsakanin Gwandu da Kabi da ƙawayensu, ga kuma hare-hare daga arewa, lamarin da ya tilasta wa jama'a cunkusuwa a garuruwa masu kafi ko ganuwa. Sunaye irin su Birnin Lokoyo da Birnin Fala na tuna wannan zamani.

A cikin gari, gidan talaka ɗakuna ne masu kewaye, na kara ko na laka, da jinka a sama, an zagaye su da darni ko zana, ga rumbuna a gefe. Lungunan gari na bin gidajen dangi ne, suna lanƙwasa yadda zuri'a ta yaɗu. Kayan ginin kuwa duka daga daji da gona suke fitowa, kuma ƴan uwa da maƙwabta ne ke haɗuwa su yi aikin gayya.

Iyakar da aka zana daga nesa

Turawa sun raba Arewa a takarda tun kafin su san ta. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu ranar 14 ga Yunin 1898 ta ce iyaka za ta bi tsakiyar Dallol Mawri, sannan ta bi wata da'ira da aka zana mil 100, wato kimanin kilomita 160, daga birnin Sakkwato. Ta haka wani babban ɓangare na Arewa ya faɗa rabon Ingila.

Hakan bai hana sojojin Faransa ratsa yankin ba. A watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta shigo tana ƙona garuruwa tana kwashe hatsi da dabbobi. Ranar 16 ga watan ta gwabza da mutanen Sarauniya Mangu a Lugu, garin ya ƙone, mazaunansa suka watse cikin daji. Abin da Arewa ta fara gani daga Turawa a fannin gini ke nan: rushewa.

Ba da jimawa ba Faransawa suka gane cewa layin 1898 ya bar su da matsala. Ayarinsu da ke tafiya daga kogin Kwara zuwa Damagaram dole ne ya zagaya ta Filinge da Tawa, inda rijiyoyi ke da wuyar samu. Suka nemi a gyara iyakar domin su samu hanya mai ruwa. Ingila ta amince a yarjejeniyar 8 ga Afrilun 1904, a cikin wani ciniki da Faransa ta saki haƙƙinta na kamun kifi a gaɓar wani tsibiri da ke gabashin Kanada a yau. Sunan Matankari na cikin rubutun wannan yarjejeniya, inda aka ambaci hanyar da ta taso daga Doso zuwa garin. An ƙara daidaita layin a 1906, sannan tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomin iyaka har zuwa 1908.

Sakamakon shi ne Matankari da Dogondutsi da Tibiri suka tabbata a hannun Faransa, sauran Arewa kuma, wajen Kangiwa a jihar Kebbi ta yau, ya zauna a Najeriya. Dangi ɗaya suka wayi gari a ƙarƙashin Turawa biyu. Tun daga ranar, amfanin yankin a idon Faransa shi ne na mashigi tsakanin yamma da gabashin ƙasar da take haɗawa, kuma wannan ne ya tsara duk abin da ta gina a cikinsa.

Daga Matankari zuwa Dogondutsi

A farkon ƙarni na 20 Dogondutsi ƙaramin gari ne a gindin duwatsun da suka ba shi suna, yana da nasa shugaban mai sarautar Kona. Ba shi ne babban birnin Arewa ba. Amma a nan Faransawa suka zaunar da barikinsu, kuma kujerar Sarkin Arewa ta bar Matankari ta koma kusa da kwamanda. Tazarar garuruwan biyu ba ta kai kilomita 20 ba, sai dai wannan ƙaura ta sauya makomarsu baki ɗaya.

Dalilin a fili yake. Inda kwamanda yake, nan ake kai lanho, wato harajin kai, nan ake shari'a, nan ake ɗaukar soja, nan ake ƙidayar mutane da dabbobi. Duk mai ƙara ko mai neman sarauta sai ya zo. Tafinta da magatakarda da gardi da masu dafa abinci na karɓar albashi, su kuma suna jawo ƴan kasuwa da mahauta da maɗinka. Daga baya makarantar boko da gidan likita suka zo, a ƙarshen shekarun 1940 kuma mishan Katolika ya zauna a garin. Masu wa'azin mishan SIM su ma sun yi aiki a Dogondutsi da Gesheme.

Turawan sun kuma yanka yankin zuwa kantuna, kowanne da sarki ɗaya da ke amsa wa kwamanda: Arewa mai mazauni a Dogondutsi, da Tibiri, da Takasaba mai mazauni a Gesheme. Garuruwan da a da kowanne ke cin gashin kansa suka koma ƙarƙashin wani. Cibiyoyin Gubawa irin su Lugu da Bagaji, waɗanda ikonsu na ƙasa ne da na addinin gargajiya, ba su samu gurbi a wannan tsari ba, suka ci gaba da zama ƙauyuka.

Wannan zaɓi bai tsaya a zamanin Turawa ba. Gyaran tsarin mulki na 1964 ya bar Dogondutsi a matsayin cibiyar yankin duka. Ƙidayar 1977 ta samu kimanin mutum 14,600 a garin, ta 2012 kuma kusan 37,000. Matankari ya tsaya a matsayin mazaunin ƙaramar hukuma, Tibiri kuwa sai a 2011 ya zama gunduma mai zaman kanta, lokacin da aka ƙara yawan gundumomin ƙasa daga 36 zuwa 63.

Bariki: ginin laka da gumin talaka

Barikin Faransa a Nijar kusan tsari ɗaya gare shi a ko'ina: gidan kwamanda, ofis, gidan kaso, gidajen gardi a jere, da masaukin manyan baƙi. Ana ajiye shi nesa kaɗan da tsohon gari, inda iska ke kaɗawa, a bar fili a tsakani. Wannan rabuwa manufa ce da aka bi a duk Afirka ta Yamma da sunan kiwon lafiya. A Dakar an kafa unguwar Madina a 1914 bayan ɓarkewar annoba domin a fitar da baƙar fata daga tsakiyar birni. A arewacin Najeriya dokar birane ta 1917 ta tanadi fili mara gini mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta ƴan ƙasa. A Yamai, wanda ya zama babban birni a 1926, kwarin Gunti Yena ne ya raba Filato da unguwannin jama'a. A wuri kamar Dogondutsi, inda Turawa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, rabuwar ƙarama ce, amma tunanin ɗaya ne.

Abin lura shi ne gine-ginen farko na bariki da laka aka yi su. Nijar ba ta da teku, jirgin ƙasan da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, kuma ƙasar ba ta samu masana'antar siminti ba sai ta Malbaza a tsakiyar shekarun 1960. Kawo buhun siminti ko fallen kwano har Arewa abu ne mai tsada. Saboda haka kwamandoji suka dogara da magina na gida: bango mai kauri na laka, rufin soro da azarar giginya, wadda ake samu da yawa a kudancin Dallol Mawri wajen Gaya. Abin da suka ƙara shi ne baranda mai kare bango daga rana, da manyan tagogi, da ɗakuna a jere, da bulon ƙasa da ake zubawa a ma'auni mai kusurwa huɗu maimakon tubalin da ake mulmulawa da hannu.

Irin wannan gini na buƙatar yaɓe kowace shekara, kuma ba da kuɗi ake yin sa ba. Tsarin aikin dole, wanda aka tsara a hukumance a yankin Afirka ta Yamma na Faransa a 1912, ya ɗora wa kowane namiji mai ƙarfi wasu kwanaki na aiki kyauta. Sarakunan kanto da masu gari ne ke fitar da mutanen, wanda ya ƙi kuma kwamanda na da ikon ɗaure shi ko ya ci shi tara ba tare da shari'a ba. Ba a soke aikin dole ba sai da dokar 11 ga Afrilun 1946, wadda ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny. Bayan yunwar 1931 an kuma tsananta tilasta wa ƙauyuka gina rumbunan ajiya da hukuma ke sa wa ido, wani sabon nau'in gini da manoma da yawa suka ɗauka a matsayin ƙarin haraji.

Hanya ta ja gari

Babban aikin da Faransa ta bari a Arewa shi ne hanyar da ta ratsa yankin daga Doso zuwa Birnin Ƙonni, wadda ta zama hanyar ƙasa mai lamba 1. Da hannu aka sare ta, aka ɗauko tsakuwa a ka, kuma kowace shekara bayan damina sai an sake fitar da mutane gyaranta. Kwalta ba ta hau kanta ba sai bayan samun ƴancin kai.

Hanyar ta juya alƙiblar yankin. A da, zirga-zirga na bin kwari ne daga arewa zuwa kudu, da kuma hanyoyin fatake zuwa Argungu da Sakkwato. Sabuwar hanya ta bi daga yamma zuwa gabas, tana haɗa bariki da bariki. A shekarun 1950, lokacin da Faransa ta shirya fitar da gyaɗar yankin Maraɗi ta Dahome maimakon Kano, manyan motoci suka riƙa ratsa Dogondutsi zuwa Doso da Gaya, musamman bayan buɗe gadar Gaya da Malanbil a 1958. Tasha da rumfunan kasuwa da masu sayar da abinci suka taru a bakin hanya. Garuruwan da hanyar ta ratsa, kamar Kore Mairuwa da Ɗankasari, suka samu abin da na nesa da ita ba su samu ba, gari kuma ya fara miƙewa a tsawon titi maimakon ya kewaye fada ko rijiya.

Jama'a ba su manta da kuɗin da suka biya ba. Masaniyar halayyar al'umma Adeline Masquelier, wadda ta yi dogon bincike a Dogondutsi, ta nuna a wani nazari da ta wallafa a 2002 yadda labaran da ake bayarwa kan iskokin hanya da haɗurran mota ke ɗauke da tunawa da wahalar aikin dole, da kuma ra'ayin cewa hanyar ta keta wuraren da a da ba a taɓa su.

Tunga da unguwa: waɗanda suka fita daga gari

A daidai lokacin da bariki da hanya ke tara mutane, wasu dalilai na watsa su. Ƙarewar yaƙe-yaƙe ta sa kafi da ganuwa suka rasa amfani. Manomi ya samu damar kwana a gonarsa mai nisa, bukkar damina ta zama tunga, tunga ta zama ƙauye. Duk mai duba taswirar Arewa zai ga yawan wuraren da sunansu ya fara da Tunga ko Unguwar wane ko Garin wane. Da yawansu ƴaƴan tsofaffin garuruwan kwari ne da suka hau tudu neman sabuwar gona.

Ba neman gona kaɗai ke fitar da mutane ba. Nisa da idon mai gari da gardi na nufin sauƙin lanho da aikin dole. Kusancin iyaka kuma ya ba Arawa wata mafita: idan matsi ya yi yawa, musamman lokacin ɗaukar soja ko shekarar yunwa, iyalai kan tsallaka wajen danginsu a ƙasar Ingilishi, wasu su dawo, wasu su zauna ke nan. A tsakiyar shekarun 1920, tafiyar Babule, wadda aka fi sani da Hauka, ta taso a Kurfai mai maƙwabtaka ta kuma shigo Arewa. Wasu mabiyanta sun bar garuruwansu sun kafa nasu matsugunan domin kauce wa sarakunan da Turawa ke mara wa baya.

Wannan watsuwa ce ta haifar da yanayin da ƙananan hukumomin Dogonkirya da Sukukutan da Kiyeshe da Dumega da sauransu ke fama da shi a yau: ƙauyuka masu yawa, ƙanana, a warwatse, kowanne na buƙatar rijiya da makaranta da gidan likita. Ta kuma cinye dajin da ke tsakanin garuruwa, wanda a da shi ne makiyaya, abin da ke cikin tushen rikicin manoma da makiyaya.

Layi da takarda

Abu na huɗu shi ne wanda ba a gani da ido, amma ya fi sauran daɗewa. Dokokin ƙasa na Faransa, tun daga na 1904 da na 1935, sun ba hukuma ikon mallakar duk filin da ta kira wanda ba shi da mai shi. A Arewa kuwa babu irin wannan fili, domin ko saurar da aka bari ta huta tana da zuri'ar da ta sare ta. Dokokin 1906 da 1932 kuma suka kawo rajistar fili: mallaka cikakkiya ita ce wadda aka auna, aka kafa mata duwatsu, aka rubuta a littafin hukuma.

Daga nan tsarin lotisma ya samo asali: a share wuri, a ja tituna miƙaƙƙu masu gittawa da juna, a yanka filaye masu kusurwa huɗu, a raba da takarda. Misali mafi girma a ƙasar Hausa ta Nijar shi ne Maraɗi, inda bayan ambaliyar 1945 aka tayar da garin daga kwarin Gulbi aka sake zana shi a kan tudu. A ƙananan cibiyoyi irin Dogondutsi an bi wannan salo a sababbin unguwanni, kuma gwamnatocin bayan 1960 sun ci gaba da shi ba tare da wani babban sauyi ba.

Tsarin na da wani sharaɗi mai nauyi. Wanda aka ba fili sai ya raya shi kafin ya samu takardar mallaka ta dindindin, kuma a idon hukuma raya fili na nufin gini da kayan da ta ɗauka masu ɗorewa, wato siminti da dutse da ƙarfe. Kara da jinka da laka suka zama kayan wucin gadi. Wato hukumar da ta zauna shekaru a cikin ginin laka ita ce ta rubuta cewa laka ba ginin ƙwarai ba ce.

Kwano da siminti: ba Bature kaɗai ba ne

Kuskure ne a jingina kowane sauyi ga Turawa. Ɗaki mai kusurwa huɗu da rufin soro sun daɗe a Kano da Katsina da Damagaram da Agadas kafin zuwansu. Abin da zamanin mulkin mallaka ya yi shi ne buɗe hanyoyin da wannan salo ya shigo ƙauyukan Arewa. Neman kuɗin lanho ya tura samari ci-rani zuwa Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, suka dawo da kuɗi da sabon ganin yadda gida ya kamata ya kasance. Tsofaffin sojoji da ma'aikata suka yi koyi da gidajen bariki. Yaɗuwar Musulunci a yankin, wadda ta yi ƙarfi bayan yaƙin duniya na biyu, ta kawo masallatan laka da zaure da katangar da ke suturta iyali. Asusun raya ƙasashen mallaka da Faransa ta kafa a 1946 kuma shi ya fara kawo azuzuwa da gidajen likita na siminti da kwano.

Kwano, wanda a nan ake kira tol, ya samu karɓuwa saboda dalilai na zahiri. Ba ya kama wuta kamar jinka, gara ba ta cin sa, ba ya buƙatar sabuntawa duk bayan ƴan shekaru, ga shi ciyawar jinka da itacen azara sai ƙara wuya suke yi. Amma yana da nasa farashin. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin kwano mara silin ba ya zaunuwa da rana. Iskar farkon damina na yaye shi, kuma kowane falle da kowace ƙusa sai an saya da kuɗi. Haɗa sabo da tsoho ba bisa ƙa'ida ba shi ma na jawo asara: yaɓen siminti a kan bangon laka yakan ɓamɓare, ruwa ya shige ta baya ya jiƙa bangon har ya zube.

Abin da ke gaban yankin a yau

Damunar 2024 ta nuna girman matsalar. Ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a faɗin Nijar, gidajen laka masu ɗimbin yawa suka rushe, har da tsohon masallacin Birnin Damagaram na ƙarni na 19 da ya faɗi a farkon watan Satumba. Bayan irin wannan asara, abin da aka fi ji shi ne laka ce matsala. Sai dai sau da yawa wurin da aka yi ginin ne ke fara cin amanar mai gida. Dogondutsi na zaune ne a ƙarƙashin duwatsu, ruwan da ke gangarowa daga kansu kuma na neman hanyarsa zuwa kwari da tafkuna irin Tapkin Saw. Layin da aka ja a takarda ba tare da duba magudanar ruwa ba na iya ajiye gida a tsakiyar hanyar ruwan, ko da na siminti ne.

Akwai misalai kusa da Arewa da ke nuna cewa ba a gama da laka ba. A Shikal ta gundumar Filinge aka fara koyar da gini ba tare da itace ba a 1980, inda ake rufa ɗaki da bulon ƙasa a siffar baka ko ƙubba. A jihar Tawa, masallacin Yama da magini Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, cikin jihar dai, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ya zama ɗakin karatu.

A ɓangaren fili, dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta kuma tanadi hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo. Duk da haka, idan gari ya kai bakin gona, lotisma ce ke da rinjaye, mai gonar kuma yakan tashi da ƴan filaye a madadin ƙasar da ta ciyar da kakanninsa. Tun da sayar da filaye na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ma'aikatun magajin gari, matsin yanka sababbin unguwanni ba zai ragu da kansa ba.

Batun adana tarihi ma na nan. A 2006 Nijar ta sanya Lugu da fadar Zarmakoy ta Doso a jerin wuraren da take son hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Tsofaffin gine-ginen hukuma da suka rage a yankin su ma shaida ne, domin kakannin mutanen Arewa ne suka kwaɓa ƙasarsu suka ɗauko azararsu.

Iyaka da hanya da mazaunin hukuma sun riga sun zauna, ba mai tayar da su. Abin da ke hannun hukumomi da sarakuna da magina a yanzu shi ne sauran: a duba hanyar ruwa kafin a ja layi, a yi wa mai gona adalci kafin a kafa dutse, a kuma daina auna darajar gida da yawan simintin da ya ci.